Littafin Ruwa: Hawan Kifin Salmon a Pulaski, Kakar Bana

28 ga Agusta

Na buɗe wannan littafi ne don in huta da jita-jitar shagunan kayan su. Duk shekara idan kaka ta gabato, wannan ya ce kifi ya shigo, wancan ya ce saura mako biyu, kai kuma mai ɗan hutun aiki ƙalilan ka rasa ranar da za ka nema. Bana duk zuwan da na yi Kogin Salmon zan rubuta yawan ruwa, da sanyinsa, da inda iska ta dosa, sannan in sa abin da idona ya gani na kifi a gefe. In Allah ya kai mu Nuwamba sai a duba wanne ne a cikinsu ke kiran kifin salmon daga tafki ya hau kogi don zuba ƙwai. Buri na biyu na uwargida ne, tana son banda da za ta kai mu tsakiyar hunturu.

Kogin yana arewacin jihar New York, ya ratsa ƙauyen Altmar da garin Pulaski, ya zuba a Tafkin Ontario. Daga Syracuse inda muke zaune tafiyar kamar minti arba'in ce a babbar hanya ta 81. Kifi ba ya samun kogin duka. Daga bakin tafki zuwa madatsar Lighthouse Hill kusan kilomita 27 ne, a nan hanyarsa ta ƙare. Ko kafin a gina madatsar ma, can sama akwai wani tsauni da ruwa ke faɗowa daga kansa, tsayin mita 33, wanda ba kifin da ya taɓa haye shi.

Ruwan da ke gudana a wannan tsakanin kuwa a hannun mutane yake. Tun 1996 lasin da gwamnati ta ba kamfanin wutar da ke riƙe da madatsar ya wajabta masa sakin ruwa kullum, ko yana buƙatar wuta ko ba ya buƙata. Daga Mayu zuwa ƙarshen Agusta kusan lita 5,200 a daƙiƙa, daga 1 ga Satumba ya koma kusan 9,500. Masuntan nan da ma'auninsu na ƙafa suke lissafi, sai dai ka ji an ce "yau 185 ne", wato lita 5,200 ɗin nan, ko "an kai shi 335", wato 9,500, kowa ya gane. Ni ma da shi zan riƙa rubutawa. Akwai na'urar gwamnati a Pineville da ke nuna adadin a intanet.

Yau 185 ne. Duwatsu duk a waje, ruwan ɗumi kamar na wanka. Ban ga kifi ko ɗaya ba. Masu jiragen ruwa ne ke cin kasuwarsu a cikin tafki, inda kifin ya taru daura da bakin kogi yana jira.

3 ga Satumba

Ƙarshen makon nan aka saki ruwa mai yawa, 750, saboda masu wasan kwale-kwale, kamar yadda aka saba a hutun ranar ma'aikata ta Amurka. Kifi ya ji motsi, wasu 'yan tsiraru suka biyo. Na ga biyu sun wuce ƙarƙashin gadar tsakiyar gari da sassafe, jikinsu fari fat kamar yanzu aka wanke su. Da aka mayar da ruwa 335 sai shiru.

Abin da na rubuta: ruwa ya ƙaru amma bai yi sanyi ba, kifi kaɗan.

15 ga Satumba

Zafi ya dawo, kwana da kwanaki ba ko gajimare. Da azahar ma'aunina ya haura digiri 20, kuma wannan kifi ba ya son haka. Iskar yamma ce ke kaɗawa, ita ce ke tattaro ruwan saman tafki mai ɗumi ta jibge shi a wannan gaɓa ta gabas. Idan ta juyo daga gabas sai ta kore shi, mai sanyi ya taso daga ƙasa, kifi ya matso bakin kogi. Wani dattijo mai gyaran sandar fatsa ne ya fara nuna mini wannan, kuma zuwa yanzu ban ga abin da ya ƙaryata shi ba.

'Yan kifin da suka shigo sun lafe a wurare masu zurfi, mutane sun yi musu zobe. Ban jefa ƙugiya ba. Kifin da aka ja a ruwa mai ɗumi irin wannan, ko an sake shi da wuya ya kai labari.

Yau ne ake buɗe yankin da ke sama da gadar Altmar, wanda aka keɓe wa masu su da ƙugiyar gashin tsuntsu, inda duk abin da ka kama sai ka mayar. A 2020 fari ya sa ba a buɗe shi a kan lokaci ba, aka kuma bar ruwa a 185 har cikin Satumba don kada tafkin madatsa ya ƙafe kafin kifi ya kai gidan ƙyanƙyasa na Altmar, inda hukuma ke ɗibar ƙwansa ta raini ƙananan kifi ta saka su. Bana ba a kai ga haka ba, alhamdulillahi.

Tunda ba su, na zauna a inuwa ina tunanin yadda aka yi kifin Tekun Fasifik ya tsinci kansa a nan. Asalin kifin wannan kogi salmon na Atlantika ne, kuma a da Tafkin Ontario cike yake da shi. Madatsun injinan niƙa, da sare dazuzzuka, da kamun da ba iyaka suka gama da shi kafin 1900. Daga baya wani ɗan ƙaramin kifi mai suna elwaif ya mamaye tafkin, ba mai cin sa, har ya riƙa mutuwa tuli-tuli yana ruɓewa a gaɓa. Sai hukuma ta kawo salmon na Fasifik masu cinsa daga yamma: koho a 1968, cinuk, wanda kowa ke kira sarki, bayansa da kaɗan. Shi ne yanzu ya zama arzikin garin Pulaski da mazaunansa ba su kai 3,000 ba.

25 ga Satumba

Jiya da daddare aka kwana ana ruwa, mai sanyi, iska ta juya. Na nemi izini a wurin aiki tun kafin in kwanta.

An hana su da dare a wannan lokaci, sai saura rabin awa rana ta fito ake jefa ƙugiya. Wannan ya yi mini daidai. Na yi asuba a gefen mota, na sa wandon roba mai kaiwa ƙirji da takalmi mai ƙusoshi, don duwatsun kogin nan santsi gare su ba na wasa ba. Kafin gari ya waye fitilun goshi sun jeru a gaɓa kamar ana rabon wani abu.

Kunne ne ya fara ba ni labari. Wani fal-fal-fal daga ƙasa, ka ce dabbobi ne ke tsallaka rafi. Da haske ya ɗan fito sai ga su: inda ruwa bai kai gwiwa ba, bayansu a waje, wutsiya na watsa ruwa, suna ture juna. Sai ayari ya wuce, a yi shiru na ɗan lokaci, wani ya biyo. Ɗaya ya bugi ƙafata har sai da na dafa sanda. Yawancinsu tsakanin kilo 7 ne zuwa 13. Mafi girman da aka taɓa kamawa a jihar nan daga wannan kogi ya fito, a 1991, kilo 21 da ɗoriya. Koho mai kilo 15 da aka kama a nan a 1989 kuwa duniya ce gaba ɗaya ta shaida shi.

Ruwan ƙoramu ya ɗaga kogin sama da 335, ya ɗan yi duhu, sanyinsa ya sauko wajen 16. Wannan ne karon farko da yawa da sanyi suka zo tare, kuma shi ne hawa na gaske na farko.

Ga abin da ke ba baƙo mamaki: kifin nan da zarar ya shigo kogi ya daina cin abinci. Cikinsa ma tsukewa yake. Idan ya cafki abin da ka jefa, fushi ne, ko kuma ƙwan wani kifin ya zata zai murƙushe. Sai ka yi ta jefawa ka bar ruwa ya kawo ƙugiyar daidai hancinsa, da 'yar dalma a sama don ta nutse. Wajen hantsi nawa ya kama. Ya fizgi zare ya nufi tafki, abin naɗe zaren yana kuka, na yi ihu, mutanen da ke ƙasa suka janye nasu suka ba ni hanya. Al'adar wurin ke nan, ko ba ku taɓa gaisawa ba. Na bi shi ina tuntuɓe har wani saurayi ya tare mini shi da koma. Namiji ne, bai fara baƙi ba, ƙugiya a kusurwar baki. Doka ta yarda da uku a rana. Ɗaya ya ishe ni ɗauka zuwa mota.

28 ga Satumba

Jama'a sun yi yawa. Motoci daga Pennsylvania, New Jersey, har da Kanada. A tsakiyar gari kafaɗa da kafaɗa ake tsayawa. Masu hali suna sayen tikitin Douglaston, kilomita huɗun ƙarshe na kogin da ke hannun masu zaman kansu, inda ake ƙayyade yawan mutane kuma kifi sabo ne daga tafki. Mu sai mu ƙara tafiya a ƙasa.

Akwai abin da ke ɓata mini rai. Tun 1995 aka haramta fizgar kifi da ƙugiya a jiki, duk wanda ta soka a baya ko wutsiya dole a sake shi. Amma sai ka ga mutum yana ɗaga sanda da ƙarfi a ƙarshen kowace jifa, ya san abin da yake yi, kowa ma ya sani. Na ga kifi yau yana tafe da ƙugiyoyi kala-kala a gadon baya. Hujjarsu wai ai mutuwa zai yi ko ta yaya. To, zai mutu, amma bai zuba ƙwai ba tukuna. Jami'an kula da muhalli suna zagayawa, wani lokaci cikin kayan masunta, sai dai kogi tsawo gare shi.

6 ga Oktoba

Mako guda ba ruwan sama, kogi ya koma 335, garau, rana na haskawa. A lissafin da na faro da shi bai kamata a ga komai ba. Amma kifi na shigowa safe da yamma, ba ƙaƙƙautawa. Koho ma sun iso, ƙanana ne a kan sarki, mazansu sun fara ja, ba su zama wuri ɗaya, ka gan su a gari da safe, da yamma a ce suna Altmar.

Abin da nake gani yanzu shi ne, farkon kaka ruwa ke da iko da kifi, yana da sauran lokaci, zai iya jira a tafki har abin ya yi masa daidai. Da Oktoba ta kama, ƙwai ya nuna a ciki, ba sauran zaɓe. Ko ruwan ya ƙaru ko bai ƙaru ba sai ya hau. Dare ya yi tsawo, kogi na kwana da sanyi, wannan ya wadatar.

Na kira Kawu a Yauri na ba shi labari, don shi a kan Neja ya tsufa. Ya saurara har na gama.

"To ɗana, ai ba sabon abu ka faɗa ba. Namu ma sabon ruwa suke bi su shiga fadama su yi ƙwai. Amma ka ce naku mutuwa suke yi?"

"Dukansu, Kawu. Ko ɗaya ba ya komawa tafki."

"Ikon Allah. Kuma ka ce wasu su kama su mayar?"

"Su ɗauki hoto su mayar."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce in gaishe su, ya ce da alama ba su taɓa kwana da yunwa ba.

12 ga Oktoba

Na bar sanda a mota na bi gaɓa sama da Pineville, inda ƙasan kogin tsakuwa ce. Ko'ina ka duba akwai fili-fili masu haske a cikin duhun duwatsu, gurbin ƙwai ke nan. Na tsuguna kusa da wata mace na daɗe ina kallo. Sai ta kwanta a gefe ɗaya, ta kaɗa wutsiya da ƙarfi, tsakuwa ta tashi ruwa ya ja ta gaba kaɗan. Ta koma ta daidaita, ta taɓa ramin da cikinta, ta sake. Wutsiyar ta riga ta goge ta yi fari, gefenta ya yayyage. Wani ƙaton namiji mai lanƙwasasshen baki da haƙora a waje yana gefenta yana korar duk wanda ya matso, wani ɗan ƙarami kuma ya raɓe a baya yana jiran babban ya yi nisa da kora. Idan ta zuba, namiji ya saki nasa, sai ta haura kaɗan ta tono wata tsakuwar ta rufe. Za ta tsare wurin har ƙarfinta ya ƙare.

Mutane na taka waɗannan gurabu da takalmin ƙusa ba su ko duba ƙasa. Ga shi kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Kafin 1996 ana rufe madatsa a buɗe yadda buƙatar wuta ta kama, ƙwai ya bushe a kan tsakuwa. Da ruwa ya samu tsayawa sai kifi ya fara haihuwa da kansa. Daga 2008 zuwa 2011 an yanke wa duk sarkin da aka saka daga gidan ƙyanƙyasa wani ɗan fiffiken nama da ke kusa da wutsiya don a bambance su, sai aka tarar kusan rabin waɗanda ake kamawa a tafki ba su da wannan alama. Haihuwar kogi ne, kuma wannan kogin ne kan gaba.

16 ga Oktoba

An fara ɗibar ƙwai a gidan ƙyanƙyasa na Altmar, na je kallo da yara. An gina shi a 1980 a kan ƙoramar Beaverdam. Kifin da aka raina a nan yana gane ruwan da hanci bayan shekara biyu ko uku a tafki, ya bar babban kogi ya shiga ƙoramar, ya hau matakalar ruwa ya faɗa kwatami. Ba su fara aikin sai ruwa ya sauko ƙasa da digiri 15 da rabi, don ƙwan da aka ɗiba da ɗumi ba ya yin albarka. Shi ya sa yawanci sai mako na biyu na Oktoba.

Ana kallo ta bayan gilashi. A kashe kifi, a tsaga cikin mace, ƙwai dubbai ya zubo cikin bokiti, ruwan goro, kowanne kamar ƙwayar wake. A matso ruwan namiji a kai a gauraya. Sannan a jiƙa shi a ruwan bitamin B1. Dalili kuwa elwaif ɗin nan da ya yi wa kifin ƙiba yana ɗauke da wani sinadari mai lalata wannan bitamin, uwa ta haifi 'ya'ya marasa ƙarfi su mutu tun suna ƙanana. Wannan matsalar tana cikin abin da ke wahalar da ƙoƙarin dawo da salmon na Atlantika, kodayake ana sakinsa, jefi-jefi kuma ana kamawa.

Komai na wannan harka a wuyan elwaif yake rataye. Hunturu biyu masu tsanani, na 2013 zuwa 2014 da wanda ya biyo baya, sun kashe ƙananansa da yawa, daga 2017 hukuma ta fara rage yawan sarkin da take sakawa don kada masu ci su fi abinci yawa. Masu jiragen haya sun yi ta ƙorafi. Ni ina ganin hukuma ce da gaskiya. Ana iya rage na gidan ƙyanƙyasa, amma na kan tsakuwa ba mai hana su haihuwa.

20 ga Oktoba

Aikin banda. Wanda na kama a Satumba yana firiza, na ƙara da koho biyu masu haske na makon jiya. Sarkin da ke kogi yanzu ya yi baƙi, namansa ya yi fari ya saki, ba na ci ba ne.

Hukumar lafiya ta jihar tana ƙayyade yawan cin kifin Tafkin Ontario, musamman ga yara da matan da ke haihuwa, saboda gubar masana'antu da ta shiga ta Kogin Niagara da Kogin Oswego shekaru da dama da suka wuce. Ta ragu sosai amma ba ta ƙare ba, kuma a kitse take taruwa. Don haka na cire fata, na yanke kitsen ciki da baƙin naman gefe. Uwargida na tsaye tana kallo.

"Malam, ai daɗin ka ke zubarwa."

Na ce ta yi haƙuri. Gishiri da citta da barkono ya kwana a ciki, ya sha iska har ya daina danshi, sannan hayaƙin itacen tuffa a kan waya, abin da ya rage na mai ya ɗiga ƙasa. Ba ya bushewa ƙarau kamar tarwaɗa, mai ya yi masa yawa, dole ya koma firiza. Ta saka shi a miyar kuɓewa ta ce ba laifi. Mun yi shawara sau ɗaya a wata, ba za a wuce ba.

29 ga Oktoba

Kogi ya yi wari. Gawarwaki a kowace kwana, wasu sun maƙale a rassa, tsuntsayen ruwa sun ƙoshi har ba su tashi idan ka matso. Na ga mikiya mai farin kai a kan wani busasshen itace. 'Yan sarkin da suka rage suna yawo da fararen tabo a jiki, ido ya dushe. Motoci sun ragu, an fara rufe rumfunan fiɗar kifi.

Sitilhed ya shigo. Shi dangin salmon ne amma ba ya mutuwa bayan haihuwa, kuma tasa haihuwar sai bayan hunturu. Abin da ya kawo shi yanzu ƙwan da ruwa ke kwasowa daga gurabu, sai ya tsaya a bayan tsakuwa yana tsinta. Ɗaya kawai doka ta yarda a ɗauka a rana, yawancin mutane ma saki suke.

10 ga Nuwamba

Dusar ƙanƙara ta farko ta sauka a tudun Tug Hill, wadda iska ke ɗebowa daga tafki. Ruwa ya sauko wajen digiri 7, yatsu ba su iya ɗaura ƙugiya sai an hura musu iska.

Na jera shafukan na duba. Ƙarin ruwa shi kaɗai a farkon Satumba bai kawo komai ba sai 'yan tsiraru. Babban hawa ya zo ne da ruwan sama mai sanyi. Daga farkon Oktoba kifi bai ƙara jiran komai ba. Kaka ɗaya ba ta isa a kafa hukunci ba, amma ta isa in nemi hutun baɗi a makon ƙarshe na Satumba, in bar kwana ɗaya a hannu saboda daren da aka yi ruwa. Lissafin iska ne bai cika ba, don daga cikin kogi ba a jin ta daidai, baɗi sai in riƙa ɗauko ta daga rahoton tafki.

Littafin bai rufe ba. Ƙwan da ke ƙarƙashin tsakuwa zai kwana hunturu a ruwan 335, daga Janairu 285. A ƙarshen Maris ko farkon Afrilu za a ɗebi ƙwan sitilhed a Altmar, zan je. A Mayu da Yuni ma'aikatan hukuma kan ja taru a gefen kogi su ƙirga 'ya'yan sarkin da suka fito, daga nan ake hasashen hawan shekara biyu ko uku masu zuwa. Na tambaya ko suna karɓar masu taimako, an ce in sake tuntuɓa a Afrilu.